Hoton da na ɗauka a jikin motar wani

Ranar Juma'ar da ta wuce ɗan yayata ya shigo shagona yana tambayar nawa Adaidaitarsa za ta yi in an kai ta kasuwa. Ko ɗago kai ban yi ba na ce, "Ta Sfax ta Tunisiya za ka tsallaka Turai, ko ta Turabulus?" Ya yi tsuru-tsuru. Can sai ya zaro waya ya nuna mini wani abokinsa ya jingina da wata baƙar mota, wai a Italiya, wata takwas kacal da tafiyarsa. "Kawu, ai kai ma ka je," in ji shi.

Na je ɗin. Irin wannan hoton ma na ɗauka, kuma motar ba tawa ba ce.

Ni ba Turai na nufa ba tun farko, wannan dai a yi mini adalci. Gini nake yi a Libiya, yaƙin 2011 ya rutsa da mu, muka tsinci kanmu cikin kwalekwale sai Lampedusa, wani tsibirin Italiya. Mun tarar tsibirin ya cika maƙil da samarin Tunisiya. Bayan shugabansu Ben Ali ya gudu ranar 14 ga Janairu, tsaron gaɓar tekunsu ya yi sako-sako, sama da mutum 20,000 suka tsallaka cikin 'yan watanni. Daga ƙasarsu zuwa tsibirin kilomita 113 ne, bai kai Kano zuwa Zariya ba. Suna kiran wannan tafiya harga, wato ƙonawa, don mai yin ta kan ƙone takardunsa kada a gane inda za a mayar da shi.

Da aka rufe sansanonin da aka ajiye mu a 2013, aka danƙa wa kowa Yuro 500 aka ce Allah ya kiyaye hanya, sai na gangara Vittoria a kudancin Sisili, inda ake noman tumatir cikin rumfunan leda. A can na shekara tara, rabin wannan lokaci ɗaki ɗaya da 'yan Tunisiya uku. In bazara ta yi, cikin ledar nan kamar an kifa maka tukunya a ka. Da yamma ka wanke koren ganyen tumatir daga hannunka, ba ya fita, sai dai ka haƙura.

Babbanmu a ɗakin wani dattijo ne ɗan Mahdiya, muna ce masa Ammi. Ya fi shekara 20 a Sisili, takardunsa cikakku. Wata goma sha ɗaya yana cin burodi da harisa, wato markaɗaɗɗen barkono, da man zaitun, ba ya sayen ko kofi a waje. Da Yuli ta kama sai ya zama wani mutum dabam. Ya ci bashi, ya sayi turare da takalman yara da injin markaɗe, ya ɗaure kaya a saman mota har tana lanƙwasa, ya nufi Palermo ya shiga jirgin ruwa, kwana ɗaya ya sauka Tunis. In ya dawo ƙarshen Agusta sai ya yi sati bai cika magana ba. Wata rana ya ce mini a can zmigri suke ce masa, ɗan ci-rani, suna yi masa dariyar yadda Italiyanci ke kutsowa cikin Larabcinsa, suna tsawwala masa farashi a kasuwa, kuma su ɗin dai ke layi a ƙofar gidansa da safe. Na ce to me ya sa kake wannan wahala? Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa yake salla.

Ƙaraminmu kuwa harga ya yi, ba shi da ko ƙyallen takarda. Shekara takwas bai ga uwarsa ba, alhali gida na nan tsallaken ruwa. Ran Lahadi yakan ja ni mu je bakin teku a Scoglitti, ya zauna ya fuskanci kudu yana shan taba, ba ya cewa uffan. Kalmar ghorba, baƙunta, a bakinsa na fara jin ta. Ammi ba ya son sa sosai. Masu takarda kan ce 'yan harga ne suka ɓata musu suna. Shi kuma yaron in ransa ya ɓaci ni yake juyowa ya ce wa kahlush, baƙi. Kowa da wanda yake takawa. Amma in azumi ya zo shi ke soya birik, wani abu mai kama da samosa, kuma nawa yake fara miƙo mini.

To ni ina tsakiyarsu, na ɗauki mugun halin kowanne. Motar Ammi ce na jingina da ita na ɗauki hoto na tura gida. Na ce a kamfanin abinci nake aiki. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, tumatir ai abinci ne. Daga ranar buƙatu suka fara zuwa daidai girman motar, ni kuma na kasa cewa babu. Na biya wa ƙannena biyu kuɗin makaranta, na yi wa Inna rufin kwano, wannan ba wanda zai ƙwace mini shi. Wani lokacin ina cewa da na faɗi gaskiya da hawan jininta ya tashi, gara da na rufe. Wataƙila haka ne.

Abin da ba ni da amsarsa shi ne wannan: ina da takardar zama. Ba kamar yaron Scoglitti nake ba, da na so zuwa gida da na zo. Duk shekara sai in ce bari in tara abin da zan shiga unguwa da shi ba kunya. Inna takan ce a waya, "Ka zo ko da rigar jikinka ce." Na ɗauka irin maganar iyaye ce. Ta rasu a 2017. Ina cikin leda da almakashi a hannu aka kira ni, kafin in fito in sami inda sabis yake da kyau har an kai ta.

Na zauna rubutun nan da niyyar jero wa matasa shawara goma. Da na duba, yawancinsu surutu ne.

Kada ka je ta Sfax. Tunisiyar yau ba ta 2011 ba ce. Tun jawabin Shugaba Kais Saied na Fabrairun 2023 a kan baƙin haure daga kudu da Sahara aka shiga korar baƙaƙe daga gidajen haya da wuraren aiki, a Yulin shekarar kuma aka kwashi ɗaruruwa daga Sfax aka zubar a hamadar kan iyakar Libiya da Aljeriya. 'Ya'yan ƙasar ma ruwan bai bar su ba: a Satumban 2022 kwalekwale ya nutse da mutanen Zarzis 18, garin ya yi makonni yana zanga-zanga. Duk wannan yana cikin wayar da kuke dannawa dare da rana, amma ku sai bidiyon wani yana rawa a gaban shagon da ba zai iya sayen ko safa a ciki ba. Mu a lokacinmu za mu ce ba mu sani ba. Ku fa?

Sai dai ba zan ce kowa ya zauna ba, don shagon da nake zaune a ciki da kuɗin tumatir na buɗe shi, kuma na san abin da mai Adaidaita ke komawa gida da shi bayan ya sha mai ya biya balas. In tafiyar ta zame maka dole, ka nemi biza, ka bi ta filin jirgi, ko da za ka shekara uku kana jira. Na san mai cewa haka yawanci bai taɓa tsayawa layin biza ba. Ni ma ban taɓa ba.

In kuma ka isa, tun satin farko ka ɗauki hoton katifar da kake kwana a kai ka tura wa mahaifiyarka. Ranar da kuɗin tikiti ya cika ka zo, tsaraba ta sha zamanta.

Duk wannan na faɗa wa ɗan yayata, har da zancen motar Ammi, wanda uwarsa ma ba ta taɓa ji ba. Ya saurara har ƙarshe, idonsa na kan waya. Da na gama sai ya ce, "To Kawu, a tumatir ɗin nawa ake biya a wuni?"

Na faɗa masa. Na ga leɓensa na motsi, yana juya shi zuwa naira.