Da rabin sunanta na auna ta

Har yau idan na tuna rahoton nan sai kunya ta rufe ni. An sa ni cikin masu duba takardun wata malama da ke neman kujerar farfesa, fanninta koyarwa daga nesa ta intanet, aka ce in rubuta irin tasirin da bincikenta ya yi. Na ɗauka aikin yamma ɗaya ne. Na buɗe Scopus, rumbun intanet da ke ƙirga sau nawa masu bincike suka ambaci maƙalun mutum, na buga sunanta yadda yake a saman fom, lambar h, wato ma'aunin tasirin bincike, ta fito, na kwafe ta, na ƙara da cewa tasirin nata "matsakaici ne", na sa hannu na tura.

Bayan kwana uku shugaban kwamiti ya kira ni. "Malam, ka kuwa karanta jerin wallafe-wallafenta kafin ka rubuta wannan?" Na ce ranka ya daɗe, na duba. Gaskiya leƙawa kawai na yi. Ya ce in koma shafi na biyu in dubi sunan marubuciya da kyau.

Ashe maƙalunta na farko duk da sunan mahaifinta ta wallafa su, daga baya ta koma amfani da wani sunan. Suna biyu, shafi biyu a rumbun bayanai, ni kuwa na ɗauki na baya na yi hukunci da shi. Laifin ba na kowa ba ne, nawa ne. Kuma a ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, babu ɓarnar da ta fi wannan. Lambar h 10 na nufin mutum yana da maƙalu goma da aka ambaci kowace aƙalla sau goma, tsofaffin maƙalu kuwa su suka fi daɗewa suna tara ambato. Wato ainihin ginshiƙin ginin na cire, sannan na ce ginin gajere ne.

Da na sake aikin, mako biyu ya ci mini. Na haɗe sunayen a Scopus, na duba wani rumbun irinsa, Web of Science, na jawo na Google Scholar da manhajar Publish or Perish ta Anne-Wil Harzing. Lamba uku suka fito, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Dalili shi ne kowane rumbu da abin da yake ƙirgawa. Scopus da Web of Science zaɓaɓɓun mujallu suka fi bi, Google Scholar kuwa yana kwaso har kundayen digiri da takardun taro da rahotanni, da tsakuwa da hatsi. A fanninmu wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin aiki mai yawa yana zaune ne a babin littafi, ko rahoton UNESCO da Commonwealth of Learning, ko darasin da aka sake kyauta. Ku dubi rubutun George Siemens kan koyo ta hanyar haɗin sadarwa: a shafinsa ya fara sa shi a 2004, ya fito a wata ƙaramar mujallar intanet a 2005, amma wa zai ce bai girgiza fannin ba?

Akwai wasu ramukan da na faɗa a hanya. Mujallar IRRODL ta Jami'ar Athabasca da ke Kanada ta sauya kalma ɗaya a sunanta a 2015, don haka mai neman ta da cikakken suna ɗaya zai iya rasa rabi. Shahararriyar maƙalar Garrison da Anderson da Archer kan koyo ta intanet kuma wasu na rubuta mata 1999, wasu 2000. Duk ambaton da ya rabu gida biyu irin haka sai an zauna an haɗe shi da hannu.

Abin da ya fi amfanata shi ne karanta masu ambaton kansu. Na cire inda ta ambaci kanta, na jera sauran shekara-shekara. Wata maƙalarta ta yi tashin gwauron zabo daga 2020, lokacin da korona ta kora kowa zuwa aji na intanet. Da na buɗe maƙalun da suka ambace ta, akasari a jimlar gabatarwa aka jefa sunanta cikin jerin gwano, alamar ko karanta ta ba a yi ba. Wata tsohuwar maƙalar kuwa, cikin waɗanda na zubar tun farko, ambatonta bai kai na waccan ba, amma masu bincike sun ɗauki takardar tambayoyinta dungurungum, sun fassara ta, sun gwada a kan nasu ɗaliban. Wannan ce ta bar sawu, kuma ita ce ba ta cikin rahotona na farko.

Na rubuta sabon rahoto mai shafi huɗu, na nuna kowace lamba da inda ta fito da ranar da na ɗauke ta. Na tuna wa kwamiti cewa sanarwar DORA ta 2012 da ƙa'idojin Leiden na 2015, waɗanda masana suka fitar kan yadda ake auna bincike, duk sun ja kunne kan barin lamba ta yanke hukunci ita kaɗai. Bayan duk wannan, wani daga cikinmu ya ɗago kai ya ce, "To, Malam, a taƙaice nawa ce h ɗin tata?" Na haɗiye abin da ya zo mini baki.

Yanzu kafin in taɓa kowane rumbu sai na nemi lambar ORCID ta mutum, wato lambar shaidar mai bincike da ba ta sauyawa ko sunansa ya sauya, na karanta jerin ayyukansa layi-layi, na tambaye shi ko ya taɓa wallafa wani abu da wani suna ko wani salon rubuta sunan. Tambayar minti ɗaya ce, da na yi ta tun farko da ban sha wannan ba. Malamar ta samu kujerarta. Amma rahoton farko bai fita daga fayil ba, yana nan a ƙarƙashin na biyu, da kalmar "matsakaici" da sa hannuna.