Zanin da na ɗaura wa Wofa

Shekara goma sha ɗaya ina kan keken ɗinki a unguwar Nima ta birnin Accra kafin ranar da na fara auna ƙugun namiji don in yanka masa kayan mata. Wata ƙawata mai karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Gana da ke Legon ce ta kawo mini aikin. Ajinsu zai farfaɗo da tsohon wasan nan na kansat fati, wasan kwaikwayon barkwanci da kiɗa na Gana, suna neman mai ɗinkin da za ta zauna da su mako shida. Na amsa ban tambayi komai ba. Sai da na isa wurin gwaji na ga wanda zai fito a uwargida: dattijo ne, ya ba sittin baya, ɗalibai na ce masa Wofa, wato kawu a bakin Tonawa.

Gabana ya faɗi. A zango namiji mai zani sunansa ɗaya, ɗan daudu, kuma ba da yabo ake faɗa ba, ko da kuwa a hannunsa ake sayen tuwo da soyayyar kaza. Na ɗauko tef hannuna na rawa. Shi kuwa ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda aka auna sau dubu, yana ba ni labari.

A bakinsa na ji cewa wasan ya taso ne daga garuruwan bakin teku, irin su Sakandi, tun zamanin Turawa. Mutum uku ne ginshiƙinsa: mai barkwanci, ɗan gaye, da mace, kuma macen namiji ne. Ƙungiyar Axim Trio ta Bob Johnson, wadda ta tashi a 1935, E.K. Dadson ne ke fito mata a mace. A 1952 E.K. Nyame ya kafa Akan Trio, ya shigo da kiɗan hailaif sosai, ya maida wasan yaren gida. Dalilin rashin mata kuwa a fili yake: 'yan wasa kwana suke a hanya, yau wannan gari gobe wancan, ba uban da zai saki 'yarsa ta bi su. Sai a zamanin Nkrumah, cikin shekarun 1960, mata suka fara hawa dandali da yawa. Ni abin da na sani kawai shi ne kansat fatin da muke kallo a GTV, tashar talabijin ta Gana, muna yara, wanda ake ɗauka a Gidan Wasan Ƙasa da aka buɗe a 1992.

Rana ta uku na ɗaura masa zani, na ja baya ina jin na yi gwaninta. Ya dubi madubi ya girgiza kai.

"'Yata, wannan ɗaurin amarya ne. Matar nan haihuwarta biyar, kifi take sayarwa a kasuwar Makola. Ina take ajiye canjinta?"

Na rasa amsa, ni da na tashi a gindin tiren wake da shinkafa na Mma. Ya kwance, ya ɗaga zanin har ƙasan ƙirji, ya ƙulle 'yan kuɗi a leɓen zanin ya cusa. Sannan ya zauna a kujera 'yar tsugunno, ya dafa gwiwa da hannu ɗaya ya tashi a hankali, da ɗan nishin da ba a so kowa ya ji. Da faɗa ya zo a wasan, kafin ya buɗe baki sai ya ware zanin, ya kakkaɓe, ya sake ɗamara. Tsigar jikina ta tashi. Haka Mma take yi in mai bashi ya raina mata hankali, kuma shekara talatin ina gani ban taɓa lura ba. Ya ce shi a kasuwa ya yi karatunsa, yana zama kusa da masu kifi da safe, bakinsa a rufe.

Akwai kuma wani saurayi da ke fitowa a budurwar maigida. Shi ciko ya nema, gaba da baya, mai girman da ba 'yar Adam ɗin da Allah ya halitta haka, irin na masu barkwancin TikTok. Na ɗinka masa da soso, kuma har yau ina da-na-sani. Daren wasa maza suka yi ta shewa in ya juya, matan layin gaba kuwa suka tsuke baki. Da Wofa ya fito yana lissafin kuɗin makarantar yara da yatsu, mijin yana can yana ɓarnar dukiya, matan nan ne suka ɗauka, wata har ta miƙe tana nuna shi tana cewa gaskiya ne. Duka biyun maza ne cikin kayan mata, kuma hannuna ne ya ɗinka. Ɗaya ya maida mu abin dariya, ɗaya ya tsaya ya kalle mu da kyau kafin ya ari jikinmu.

Gida kuwa ba a sha da daɗi ba. Sabuwar atamfa ba ta dace da mai kifi ba, na roƙi Mma tsohon zaninta guda.

"Wa zai ɗaura?"

"Wani dattijo ne, Mma, a wasa."

"Ke kin fi ni karatu. Ba ki ji hadisin Ibn Abbas ba, a Buhari, kan maza masu kamanta kansu da mata? Zanina ba zai hau jikin namiji ba."

Ban yi musu ba, don hadisin na san shi, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Na kwana ina juyi, ina tambayar kaina ko mai cire kayan da zarar an kashe fitila yana ciki. Har yanzu tambayar na nan a raina. Zanin dai na saya sabo, na wanke shi sau bakwai da sabulu, na buga a kan dutse, na bar shi kwana huɗu a rana har ya koɗe.

Abu ɗaya ne ya fi tsaya mini. Cikin 'yan amshi akwai wani yaro shiru-shiru da aka ba ɗankwali kawai. In an tashi kowa fizge nasa yake ya jefa mini a kwando. Shi sai ya jira ɗaki ya watse, ya tsaya gaban madubi, ya gyara ɗaurin, ya daɗe. Lokacin majalisa ta zartar da ƙudurin nan na Fabrairun 2024 kan 'yan luwaɗi da maɗigo, wanda shugaban ƙasa na lokacin bai sa wa hannu ba, gari kuma ya ɗauki zafi, ana nuna mutane da yatsa a kan tafiya ko murya. Ranar da ya gan ni a madubi jikinsa ya mutu. Na san abin da kalma ɗaya daga bakina za ta jawo masa. Na ce, "Ƙanena, kunnen hagu ya fi tsawo, ja shi kaɗan." Ya ja, ya ninke ɗankwalin da kyau, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na koma shagona na Nima da wata sabuwar ɗabi'a. In mace ta zo awo, ina gama ɗaukar ƙugu da tsawo sai in ce ta zauna a kujerar nan, ta tashi, ta sunkuya kamar za ta ɗauki tukunya. Sannan in tambaye ta, "Hajiya, ina kike sa kuɗinki?"