Kuregen da ya ƙi girma

Aikinmu a asibitin dabbobi, in aka cire karnuka da kyanwoyin masu hali, aikin ƙiba ne. Mai rago yana so ragonsa ya cika ido kafin Babbar Salla, mai kaji yana so su yi nauyi kafin abincinsu ya cinye masa riba, mai akuya yana so ta haifi biyu ta kuma shayar da su. Ni mataimaki ne a wani ƙaramin asibiti a nan Kumasi. Ni ke riƙe dabba, ni ke ɗora ta a sikeli, ni ke rubuta lamba a littafi. Abin da aka koya mini tun farko shi ne in lamba ta hau aiki ya yi kyau, in ta tsaya akwai matsala. Da wannan awon nake kallon kowace dabba har wani ɗan kurege ya shigo hannuna.

Kawuna ne ya kawo su, su biyu, a cikin hularsa, daga gonar masararsa da ke wajen Ejura. Yaran gona sun haƙa rami da karnuka, uwar ta tafi tukunya, 'ya'yan ko ido ba su buɗe ba. Kuregen ƙasa ne mai farin zane a gefen ciki, irin wanda manoma ke kuka da shi saboda tonon gyaɗa da rogo. Kawu ya ce, "Kai ne likitan gidan nan, ga aiki na kawo maka. Na jiƙa musu burodi da madarar gwangwani a hanya, sun ƙi ci."

Ƙin cin nan shi ya cece su. Da na kai su wurin aiki, Dakta bai ko kalli bakinsu ba, cikinsu ya taɓa da bayan yatsa ya ce, "Malam, waɗannan sanyi ke cinsu. Kada ka ba su komai sai jikinsu ya yi ɗumi." Jaririn kurege ba ya iya riƙe zafin jikinsa, daga jikin uwa da na 'yan uwa yake samu a cikin rami. In ya yi sanyi hanjinsa na tsayawa, duk abin da ka zuba masa sai ya zauna ya ruɓe, ciki ya kumbura. Mutum zai ce ai Kumasi ba garin sanyi ba ne, amma daren damina da asubahin hunturu sun ishi halittar da ba ta kai nauyin ƙwan kaza biyu ba. Ban yarda da abin ɗumama na lantarki ba saboda halin wutarmu, sai na koma ga robar ruwan zafi naɗe da tsumma a gefe ɗaya na kwali, ɗaya gefen kuma babu komai, don in zafi ya yi musu yawa su ja jiki. Bayan ɗumi sai ruwan gishiri da sukari, irin wanda ake ba yara masu gudawa, ɗigo ɗigo. Madara ita ce ta ƙarshe, kuma ba ta saniya ba, domin tana sa su zawo, zawo kuwa a jiki irin wannan kwana ɗaya ya isa. Garin madarar da ake yi wa 'yan kwikwiyo muka samo a shagon kayan dabbobi, muka fara da ita tsararo, muna ƙara mata kauri a hankali.

Shayarwar ma da ƙa'idarta. Sirinji mai mililita 1 ake amfani da shi ba tare da allura ba, a riƙe ɗan kuregen a tsaye ko ruf da ciki, ba a kwantar da shi rigingine kamar jinjirin mutum. Ana auna shi da sikelin giram kowace safiya, a ba shi kamar kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a kowace shayarwa: mai giram 60 ya sha mililita 3, ko da yana lasar sirinji yana neman ƙari. In ka matsa da ƙarfi madara ta fito ta hanci, ta shiga huhu ke nan, kuma in ka ji numfashinsa na ƙas-ƙas to ciwon huhu ya kama, sai magani. In an gama sai a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a shafa masa ƙasan ciki har ya yi fitsari, aikin da uwa ke yi da harshe. Haka ake yi dare da rana, duk bayan 'yan sa'o'i. Na riƙa tafiya da kwalin a cinya cikin trotro, motar haya, daga unguwar Aboabo zuwa wurin aiki, yaron mota yana tambaya ko kuɗi ne a ciki da nake rungume da shi haka.

Da idanunsu suka buɗe sai hanya ta rabu. Ɗaya ya miƙe, jiki ya yi tsawo, jela ta yi bushi-bushi, ya fara cizon yatsa da gaske. Ɗayan lambarsa ta hau kaɗan, ta sake hawa kaɗan, sai ta tsaya. Madara ɗaya, ɗumi ɗaya, hannu ɗaya. Muka duba kashinsa ko tsutsar ciki ce, babu. Ba ya zawo, ba ya ƙin abinci. Sai Dakta ya ajiye su gefe da gefe a kan tebur ya ce in daina kallon littafi in kalli jikin. Kansa babba ne, goshi a turo, baki guntu, ƙafafu gajeru masu ɗan lanƙwasa, jela ba ta kai rabin ta ɗan uwansa ba. In zai yi tafiya sai ya yi rangaji, in ya tashi tsaye irin na kurege sai ya faɗi ta baya. Dakta ya ce, "Wannan wada ne. Ko madarar duniya ka ba shi ba zai kamo wancan ba." Ƙasusuwan ƙafa suna tsawo ne daga guringuntsin da ke bakinsu, a irin wannan halitta kuwa guringuntsin ba ya juyewa ƙashi yadda ya kamata, shi ya sa gaɓoɓi ke tsayawa kai kuma ya yi wa jiki girma. Yawancin abin da aka rubuta a kan haka daga Amurka ya fito, wurin masu rainon kuregen bishiya mai ruwan toka, kuma abin da suke faɗa ya zo daidai da abin da muke gani: ba sa riƙe ɗumi ko sun girma, ba sa iya fasa abu mai tauri, haƙoransu na ba da wahala, kuma ba a sakin su daji.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sake koyon karatun sikeli. Babban kuregen ƙasa yana kai rabin kilo har zuwa kilo guda, shi kuwa bai doshi wurin ba. Hannuna kullum yana so ya ƙara masa ko rabin mililita ne, domin tsayuwar lamba a idona gazawa ce. Dakta ya hana. Ƙiba a kan gajerun ƙafafu nauyi ne kawai, kuma cikin da aka cika fiye da kima kumbura yake yi. Sai aikin sikeli ya koma wani daban: ba hawa nake nema ba, faɗuwa nake tsaro. In lamba ta zauna inda take, kashi ya fito a dunƙule, ido ya yi haske, ya yi gyaran gashinsa da kansa, to ranar ta yi kyau. In ta sauka kwana biyu a jere, akwai abin da ke faruwa tun kafin ido ya gani, kuma sau da yawa a baki yake.

Haƙoran gaba na kurege ba sa daina tsiro har ya mutu. Na sama da na ƙasa ne ke goge juna yayin da yake gwaguyar abu mai tauri. Shi da muƙamuƙinsa bai daidaita ba, ba sa haɗuwa, sai su yi ta tsawo suna lanƙwasa har su nemi dasashi. Dole a riƙa rage su lokaci lokaci. Ba da abin yanke farce ba, domin yana iya tsaga haƙori har cikin saiwa. Dakta ke yi da ɗan injin goge haƙori bayan an ɗan sa shi barci, ni kuma ina riƙe da shi ina ƙirga numfashi.

A gida kuwa rigimar gyaɗa ce. Da farko Mma ba ta so zamansa ba, ta ce gidan mutane ba gidan zu ba ne, in ina son dabbobi ga na Kejetia can tun 1957 yake, in kai musu. Da ta ga yadda yake rangaji zuwa wurin ƙafarta sai zuciya ta karye, ita ce ma ta riƙa tuna wa maƙwabta hadisin da ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Matsalar ita ce a wurinmu so da abinci ake nuna shi. "Wane irin kurege ne ba a ba shi gyaɗa? Kai dai mugunta ce da kai." Na ce, "Mma, ki yi haƙuri, gyaɗar nan ita za ta karya shi." Gyaɗa da masara da sauran ƙwayoyi suna da sinadarin fosfaros da yawa, kalsiyam kuma kaɗan. In kurege ya dogara da su, jiki sai ya riƙa zaro kalsiyam daga ƙashi, ƙashi ya yi laushi, ƙafafun baya su shanye, wani lokaci har da farfaɗiya. Na daji yana cin abubuwa iri iri, yana shan rana, yana gwaguyar ƙashin da ya tsinta, don haka gyaɗar gonar Kawu ba ta yi masa komai. Na cikin keji da ma ƙashinsa ba daidai ba, ba shi da wannan sararin. Ga kuma funfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi, wadda gubarta ke cin hanta. Abincinsa ya zama dunƙulen abincin ɓerayen gwaji da ake jiƙawa ya yi laushi, da ganyen zogale, da kuɓewa, da ɗan yankin gwanda, da garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka niƙa, sai hantsi a bakin ƙofa da inuwa kusa. Muka yi sulhu da Mma a kan ita ce mai ba shi gwanda.

Yara ne ban yi sulhu da su ba. Ba sa ɗaukarsa, ba sa sa yatsa a keji, ni ma ina wanke hannu kafin da bayan taɓa shi. Mutane kan yi dariya in na faɗi dalili, amma a 2003 an yi jigilar ƙananan dabbobi kimanin 800 daga Gana zuwa Texas, cikinsu akwai kuregen bishiya da burgu, kuma daga nan kyandar biri ta ɓulla a Amurka, aka ƙirga mutum 47 a jihohi shida. Ƙanƙantar dabba ba ta hana ta ɗauke da cuta ba. Riƙe dabbar daji a gida ma ba abin da mutum ke yi da ra'ayin kansa ba ne, sai da izinin sashen kula da namun daji na hukumar gandun daji, shi ya sa tun farko Dakta ya sa zancen ya bi ta hannunsu. Duk wanda ya zo yana cewa in samo masa irinsa don yaransa, amsata a'a ce. Abin da ke sa shi kyan gani a idonsu, babban kai da tafiyar rangaji, shi ne ciwonsa.

Lafiyayyen mun daina taɓa shi tun da ya fara fasa abu da kansa, aka mayar da shi babban keji nesa da mutane har ya koyi gudun mu, sannan aka sake shi a bakin daji nesa da gonaki. Ranar ban ji komai ba sai sauƙi.

Shi kuwa ƙaramin, akwai maganar da muka daɗe muna ja da Dakta. Shi yana ganin dabbar da ba za ta taɓa haƙa rami ba, kuma sai an sa ta barci a kai a kai don haƙori, ba lallai ne riƙe ta ya zama alheri ba, wani lokaci mai rainon ne ke jin daɗi ba dabbar ba. Ni kuma ina ganin yana ci, yana tonon tsummansa, yana miƙewa a hantsi, kuma ban ga alamar yana neman hutu ba. Ban ce Dakta ya yi kuskure ba, ya ga irin wannan fiye da ni. Abin da muka yi shi ne muka zauna muka rubuta sharuɗɗa a bayan littafin awo tun ranar ba ta zo ba: in ya daina ci da kansa, in nauyi ya yi ta sauka duk da an gyara haƙori, in ƙafafun baya suka shanye magani bai ɗaga su ba, in numfashi ya zama wahala, to Dakta zai yi masa allurar hutu, ni kuma ba zan roƙi ƙarin mako ba. Dakta ya ce in sa hannu a ƙasa, na sa, shi ma ya sa.