Sautin talabijin ta cikin kwamfuta: yawanci ramin ruwan hoda ne ke cinye sitiriyon

Duk wanda yake da sifiku masu kyau a jikin kwamfutarsa, ga kuma talabijin a gefe tana magana kamar daga cikin gwangwani, wata rana sai tunanin ya zo masa, wai me zai hana in jawo sautin tibin nan ya bi ta kwamfuta ya fito ta sifikun nan? Yana yiwuwa kam, kuma ba wani aiki ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an gama jona komai sai ka ji sautin na fita ta sifika ɗaya tal, ko yana fita ta biyun amma abu ɗaya sak, babu dama babu hagu, mota ta wuce a fim ba ka ji ta taso daga nan ta ɓace a can ba. Daga nan mutum ya hau sauke manhajoji yana canza direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin sautin kwamfutar, alhali matsalar tana bayan kwamfutar, a ramin da ya soka wayar.

Leƙa bayan kwamfutar tebur za ka ga ƙananan ramuka uku masu launi, kore, ruwan hoda da shuɗi. Launukan nan ba ado ba ne, tsari ne da Microsoft da Intel suka fitar mai suna PC 99 kuma har yau ana binsa. Kore na sifika ne, ta nan sauti ke fita. Ruwan hoda na makirfo ne. Shuɗin nan da kusan babu mai kula shi, shi ne Line In, wato mashigar sautin da ke zuwa daga wata na'ura irin talabijin, kuma shi kake nema. Mutane suna tafiya ga ruwan hodan ne saboda shi suka sani a matsayin wurin da sauti ke shiga, to amma an yi shi ne don muryar mutum ɗaya, shi ya sa a yawancin kwamfutoci layi ɗaya yake karɓa. Bakin waya mai milimita 3.5 kashi uku ne, tsinin gaba yana ɗauke da hagu, na tsakiya dama, na gindi kuma shi ne layin ƙasa da suke tarayya a kai. Ramin makirfo tsinin gaban kawai yake saurara, wurin tsakiyan ma sau da yawa 'yar wuta yake turowa ta nan don kunna makirfon. Kenan daman ta tafi, hagun ce kawai ta shiga, kwamfutar ta kwafe ta ta raba wa sifiku biyu, kai kuma kana zaune kana cewa ai duka biyun suna magana.

Ga kuma batun ƙarfi. Makirfo 'yan milibolt yake bayarwa don haka ramin nasa ninka sauti yake yi sosai, shi kuwa abin da talabijin ke fitarwa yana kai wajen bolt 0.3 ko sama da haka. Ka tura wannan cikin ramin makirfo dole ka ji sauti na fashewa yana karcewa ko da ka rage bolum ɗin har ƙasa. In dai ka ji wannan karcewar haɗe da rashin sitiriyo to ba sai an yi dogon bincike ba, zare ka mayar shuɗi.

Ita ma wayar a duba ta. Ƙirga baƙaƙen zobban da ke bakinta, zobe ɗaya mono ce, wato layi ɗaya tal, duk abin da za ka yi ba za ta ba ka sitiriyo ba, zobe biyu ita ce daidai, zobe uku kuma irin ta iyafis ɗin wayar hannu ce mai makirfo, ba ta nan ba ce. Idan talabijin ɗinka ramukan RCA gare ta, ja da fari, sai ka nemi waya mai RCA biyu a kai ɗaya da milimita 3.5 a ɗaya kan. Ja dama, fari hagu, rawaya na hoto ne babu ruwanka da shi. Amma fa a karanta rubutun da ke jikin ramukan, don a talabijin da yawa ja da farin nan na shiga ne ba na fita ba, an yi su ne don ka jona dikoda ko DVD. Sai ka ga an rubuta Audio Out kafin ka sa rai. In babu, ramin hedifon ma yana yi, sitiriyo ne shi ma, illa dai a yawancin tibi kana soka waya a ciki sifikunta za su yi shiru, kuma rimot ne zai riƙa juya ƙarfin abin da ke tafiya kwamfutar. Ni wannan ban ɗauke shi aibi ba, na ma fi son haka, kana daga kwance ka rage ka ƙara.

Sabbin talabijin ɗin nan sirara su ne masu rigima, wasu ba RCA ba hedifon, sai wani ɗan rami mai jan haske wato TOSLINK. Wannan haske yake turawa ba wuta ba, saboda haka sai an sa ɗan akwatin da ke mayar da shi ja da fari a tsakani. Abin da ke kayar da mutane a nan saitin tibin ne, dole ka shiga wurin sauti ka mayar da fitarwar dijital ɗin zuwa PCM, wato sautin dijital da ba a matse ba, don in ka bar ta a Dolby Digital yawancin ƙananan akwatunan nan ba su iya fassara shi, ko dai shiru ko wata irin shuuu mai ciwon kunne. Masu tambayar ko HDMI fa? Ramin HDMI da ke jikin yawancin kwamfutoci fitarwa yake yi, ba ya karɓa, ko ka jona shi da na tibi mai rubutun ARC, wanda tibin ke turo sauti waje ta cikinsa, babu abin da zai shigo.

To a ce waya ta zauna a shuɗi. Windows ba zai fara jiyar da kai ba sai ka ce masa. Buɗe tsohon shafin Sound na Control Panel, ka je Recording, ka danna Line In sau biyu, a ƙarƙashin Listen ka sa alama a Listen to this device, ka zaɓi sifikun da kake so. Kar ka rufe tukuna, shiga Advanced ka duba, in ka ga 1 channel mayar da shi 2 channel, 16 bit, 48000 Hz, don 48000 ɗin nan shi ne abin da sautin bidiyo ya saba tafiya a kai. Idan Line In bai ma bayyana ba danna dama a farin wurin ka ce ya nuna waɗanda aka kashe. Akwai kuma wani maɓalli, Mono audio, a ɓangaren Accessibility na Windows 11, a Windows 10 kuma Ease of Access, an yi shi don masu ji da kunne ɗaya, in yana kunne duk abin da ya shigo haɗe shi zai yi. Masu katin sauti na kamfanin Realtek wani lokaci kana soka waya zai tambaye ka me ka soka, to ka ce Line In, har ramin gaba ma a wasu kwamfutocin ana iya juya shi ta haka.

Masu laftof ku yi haƙuri, naku daban ne. Rami ɗayan nan da ke haɗe da hedifon da makirfo, a yawancin laftof hanyar shigarsa mono ce, babu saitin da zai canza wannan. Sai dai katin sauti na USB, kuma ba kowanne ba, ƙananan nan masu rami biyu kore da ruwan hoda makirfo ne dai aka sake ba ka. Wanda aka rubuta yana da shigar layi ta sitiriyo za ka nema, irin Behringer UCA202 mai RCA a jikinsa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, ba kowane lokaci laifin naka ba ne. Tashar kanta tana iya watso mono, tsofaffin finafinai da shirye-shiryen hira da yawa haka suke. Haka in dikodarka ta wayar eriya take shiga tibi, to yawanci tun daga nan sitiriyon ya mutu, gara ka ɗauki sautin kai tsaye daga ja da farin bayan dikodar. Hanyar gwaji mai sauƙi, kunna bidiyon gwajin hagu da dama a YouTube ta talabijin ɗin, ko ka zare jan RCA ka bar farin, in sifikar dama ta yi tsit ta hagu na magana to layinka biyu ne da gaske, in duka biyun suka ci gaba to akwai inda ake haɗe su.

Sauran matsala biyu da za ka iya cin karo da su bayan sitiriyon ya zo. Ɗaya gurnani ne a ƙasan sautin, na wutar gida mai 50 ko 60 Hz, yana zuwa ne idan tibi da kwamfuta layin ƙasarsu ya bambanta, musamman in akwai wayar eriya ko ta dish a jikin tibin. Gwada jona su a soket ɗaya, in bai tafi ba akwai ɗan abin da ake sawa a tsakiyar wayar sauti yana raba layin ƙasan. Ta biyun ita ce jinkiri, Listen to this device sai sauti ya zaga cikin Windows kafin ya fito, wani lokacin ka ga baki ya riga magana kaɗan. A wasu katunan in ka buɗe Levels na sifika a ƙarƙashin Playback za ka ga Line In a can an yi masa shiru, buɗe wannan ka kashe Listen ɗin, shi ta cikin katin yake wucewa kai tsaye babu jira. Kar ka bar su biyun a kunne, amsa-kuwwa za ka ji.

Ni dai a ganina in ba naɗar sautin kake son yi ba, ko haɗa shi da na kwamfutar a hedifon ɗaya, bin ta kwamfutar ma ɓata wuta ne, kullum sai ta kasance a kunne kafin ka ji labarai. Sifiku da yawa suna da mashiga ta biyu a baya, ka duba naka, in akwai jona tibin can kai tsaye ka huta da Control Panel.