Hannun da Klutsis ya ɗaga

Yau da yamma ɗana ya kawo littafin tarihinsa in taya shi aikin gida, sai idona ya faɗa kan wani hoton farfagandar Tarayyar Sobiyet na 1930. Ja wur yake, ga wani ƙaton hannu ya miƙe sama, ƙananan hannaye birjik suna biye da shi, fuskokin ma'aikata a tsakaninsu. Kira ne ga jama'a su cika shirin shugabansu Stalin na shekara biyar na gina masana'antu. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Kana kallo kana jin kamar kai ma ka ɗaga naka.

Gustav Klutsis ne ya haɗa shi, ɗan Latbiya da ya rungumi juyin juya halin kwaminisanci na Rasha da zuciya ɗaya. A 1932 da 1933 yunwa ta ci miliyoyin mutane a Yukiren da Kazakistan, irin waɗannan hotuna kuwa ba su nuna su ba. A 1938 gwamnatin da ya yi wa hidima ta kama shi ta harbe, matarsa har ta rasu ba a gaya mata gaskiya ba. Abin da ke cin raina shi ne, mutumin nan ya yarda da abin da ya zana.