Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jinyar Barde

Makon jiya na tsaya a inda muka bar Barde, muzurun da marigayiya Inna ta bari, kwance a asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, hanyar fitsarinsa ta toshe, an sa masa robar fitsari, ana yi masa ƙarin ruwa. Ranar sallama, likita bai bar ni na ɗauki kwandon ba sai da ya zaunar da ni.

"Hajiya, mun buɗe hanya, amma tana iya sake toshewa, kuma a kwanakin farko aka fi samun haka. In kika ga yana yunƙuri babu abin da ke fita, ko tsakar dare ne, ki nemo mu."

Ya ce hanyar fitsarin namiji doguwa ce siririya, shi ya sa toshewa ta fi kama muzuru. Majina da tsaki-tsakin da ke taruwa a mafitsara su ke cushe bakinta. In fitsari ya tsaya, ƙoda ta gaza, sinadarin fotasiyam ya taru a jini har ya taɓa bugun zuciya, kwana ɗaya zuwa biyu ya isa a rasa dabba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya tambaye ni ko an sauya masa gida kwanan nan, domin firgici da damuwa na tayar wa kyanwa ciwon mafitsara. Bayan sadakar arba'in na ɗauko shi daga ɗakin Inna na kawo shi gidanmu mai hayaniyar yara. Ashe shi ma yana nasa makokin.

Na share ɗakin ajiya, na shimfiɗa masa tsohon zanen Inna, na zuba yashi a faffaɗan baho. A da bayan gida yake zagayawa ya yi abinsa ya binne, babu mai sani. Yanzu dole idona ya gani. Safe da yamma nakan tsuguna in tona yashin da tsinke, in duba inda ya jiƙe da faɗinsa. Da fari fitsarin ja-ja yake fita, ɗis-ɗis, yana yawan komawa bahon. An gaya mini hakan zai faru, amma duk sa'ad da ya tsuguna sai gabana ya faɗi, har sai na ga danshi.

Ruwa ne babban aikin. Likita ya ce mage na bukatar kamar mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinta a rana, har da wanda ke cikin abinci. Barde kilo 4 ne, wato bai kai rabin ledar fiya wata ba, amma shayar da shi wannan ɗin ya fi ɗebo ruwan rijiya a bazara wuya. Na daina ba shi busasshen abincin kanti. Na gwangwanin da likita ya rubuta nake damawa da ruwan ɗumi, in ƙara da romon kaza da babu gishiri, babu albasa, babu tafarnuwa, don waɗannan biyun na ƙarshe suna lalata jinin mage. Na ajiye kwanonin ruwa a kusurwoyi daban-daban, nesa da bahon.

Ana cikin haka Goggo ta zo duba mu, ta ji kukansa.

"Ke 'yar nan, ki ɓallo masa rabin farasitamol mana, ya samu barci."

"Goggo, ki yi haƙuri, wannan guba ne a wurinsu. Hantarsu ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe shi."

Ta yi salati ta riƙe haɓa. Ba ta sake magana ba, sai da za ta tafi ta leƙa ɗakin, ta ga zanen, ta gane shi. Ta ce Inna ba ta taɓa cin kifi ba ta cire masa nasa ba.

Maganin rage zafin da aka ba mu kaɗai na riƙa ba shi, a kan lokaci, na naɗe shi a tawul in ɗura ta gefen baki da sirinji. Sannu a hankali jan ya washe, jiƙon yashin ya faɗaɗa, ya fara lasar jikinsa. Da muka koma aka gwada fitsarin, likita ya ce a ci gaba da abincin, kada a sassauta.

A hanyarmu ta dawowa, muna daidai Kwangila, wayar Yaya ta shigo. Ya ce an samu mai sayen gidan Inna, ana nemana gobe da safe. Yadda zaman ya kaya, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.