Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Turancin da na tsinta a bakin karofi

Makon jiya na tsaya a inda sakamakon jarrabawa ya fito karo na biyu, Turanci ya sake kayar da ni. Baffa bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Gobe ka biyo ni Ƙofar Mata." Haka na koma marina a daminar 2018, ina ɗebo ruwa, ina tankaɗe toka, ina motsa rini da muciya har kafaɗuna su yi tsami.

Aikin bai dame ni ba. Baƙi ne suke ci mini rai. Turawa da mutanen Kudu sukan zo, a gaya musu tun 1498 ake rini a wurin, su ɗauki hoto. In ɗayansu ya juyo ya tambaye ni wani abu, sai in yi murmushi in nuna masa ɗan rakiyarsu. Sana'ar kakannina ce, amma mutumin da bai taɓa tsoma hannu a ruwan baba ba shi ke bayaninta, ni kuwa ina tsaye, hannuna shuɗi, bakina a ɗinke.

Kalma guda na riƙe daga bakinsu, "indigo", wato baba. Wani dare na sayi datar tsakar dare mai araha, na rubuta kalmar a YouTube. Bidiyo na uku da na buɗe ya tayar da ni zaune a kan tabarma. Wani dattijo ne a Tokushima ta ƙasar Japan, tsaye a bakin randar rini da aka binne a ƙasa, hannunsa shuɗi har wuyan hannu, faratansa kamar na Baffa. Kumfa ta taru a tsakiyar ruwan. Ya tsoma farin yadi, ya matse, ya fito da shi tsanwa, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi. Wata mace tana bayani da Turanci, kuma karon farko a rayuwata na ji ina bin Turancin baki. Idona ya riga kunnena sanin abin da za ta faɗa. Da ta ce "ash" hannun mutumin na cikin toka. Da ta ce "ferment" na tuna warin karofi kwana huɗu bayan an haɗa shi, kalmar ta zauna daram, har yau ba ta tashi ba.

Sau goma sha ɗaya na kalli bidiyon nan a mako guda. Da fari da rubutun ƙasan allo, na rage saurinsa zuwa 0.75, ina kwafe jimloli a bayan tsohon littafin lissafina. Daga baya na kashe rubutun. A ƙarshe na kashe murya, ina yin bayanin da bakina a soro, ƙasa-ƙasa don kada in tashi ƙannena. A nan na san ganyensu ba irin baban da muke rini da shi ba ne, kuma sukan tara shi su yi ta yayyafa ruwa suna juyawa kimanin kwana 100 kafin ya zama abin da suke kira sukumo. Kumfar nan kuwa furen baba suke ce mata.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kai wa Baffa wayar. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya yi shiru yana kallo. Da dattijon ya lakaci ruwan ya ɗora a harshe, sai Baffa ya ce, "Allahu Akbar, wannan marini ne." Ya juyo gare ni, "Kai, me matar nan take cewa?" Na fassara masa, ina tuntuɓe ina gyarawa. Ya ce in tambayo ko su ma suna sa katsi, wato lakar gindin karofi da ake ƙonawa. Na ce, "Baffa, ba ya jin mu." Ya ce to in nemo.

Neman amsar Baffa ne ya ja ni cikin duniyar zane-zane. Daga shuɗi zuwa shuɗi na faɗa tashar Smarthistory, inda mutum biyu ke tsayawa gaban zane suna hira a natse, ɗaya ya faɗa ɗaya ya ƙara. Wannan salon ya fi mini darasin aji nesa ba kusa ba, domin a can na ji yadda ake katse magana cikin ladabi, da yadda ake cewa ban yarda ba ba tare da faɗa ba. Na ga zanen babbar igiyar teku na Hokusai, mai zane ɗan Japan, na kusan 1831, wanda shuɗinsa haɗin sinadari ne da aka fara yi a Balin ta Jamus. Na kuma gano tushen kukan da Baffa ya daɗe yana yi da rinin kanti: a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da baban roba kasuwa, cinikin ganyen baba ya karye tun daga Indiya.

Wata bakwai ina haka. Ran nan da hantsi wata mota ta tsaya, mata biyu suka fito ba ɗan rakiya. Baffa ya ɗago daga bakin karofi, ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Tashi." Yadda muka ƙare da su, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.